Kyamarar Tsaro: Idon Mai Gida ko Idon Ɓarawo?

Al'ummar masarautar Yauri ba za su manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da ke ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashe ɗalibai da malamai, har wasu 'yan mata suka kusa shekara biyu a hannunsu. Wanda ya ga irin wannan musiba, daga Yelwa har Shanga, ba za a zarge shi ba in ya kafa kyamarar tsaro a makaranta ko gidan mai ko rumbun albasarsa. Sai dai kafin a biya kuɗi, ya kamata a tambaya: ban da mai ita, wa ke iya kallon abin da take ɗauka?

Kyamarar zamani ƙaramar kwamfuta ce. Akwai manhajar da masana'anta ke dasawa a cikinta, wadda ke tantance mai shiga da kalmar sirri. In wannan manhaja na da ɓaraka, duk wanda ya gano adireshin kyamarar a intanet yana iya shiga, ko da yana wata nahiya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An kuwa ga tsagewar. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sakawa, waɗanda masu saye ba su sauya ba. Da irin waɗannan na'urori aka durƙusar da Twitter da Netflix na wasu awanni a watan Oktoban shekarar. A 2017 aka gano cewa wasu kyamarorin Hikvision na karɓar baƙo a matsayin shugaba in ya liƙa 'yan haruffa a ƙarshen adireshi. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran ba ya aiki sai an sabunta manhajar. A Maris 2021 kuma masu kutse suka leƙa kyamarori kimanin 150,000 na kamfanin Verkada na Amurka, ciki har da na asibitoci da makarantu da gidajen yari.

A yankinmu hatsarin ya wuce tonon asiri. Kowa ya san 'yan bindiga na dogara da masu kai musu rahoto. Kyamarar da aka kutsa tana nuna yawan masu gadi, lokacin da suke sauya aiki, da ƙofar da ake bari a buɗe. Sau da yawa ma ba a bukatar gwanin kutse: yaron da ya haɗa na'urar yakan tafi da kalmar sirri a wayarsa.

Don haka mai kyamara ya sauya kalmar sirri ranar da aka kafa ta, ya soke izinin mai haɗawa, ya riƙa sabunta manhaja, ya kuma raba ta da intanet in ba dole ba. Hukumomin ilimi na Jihar Kebbi su sanya waɗannan sharuɗɗa cikin kowace kwangilar kyamarorin makarantu, su kuma ware jami'in da zai riƙa bibiya. In ba haka ba, za a kashe dukiyar jama'a wajen saya wa maƙiyi ido a ɗakin kwanan 'ya'yanmu.