Na Ɗaya a Aji, Na Nawa a Lardi? Yadda Ake Samun Gurbin Jami'a a Guangzhou

A makarantun sakandare da dama na duniya, matsayin ɗalibi a aji, wato ko shi ne na ɗaya, na goma ko na kusa da ƙarshe, shi ne abin da iyaye ke fara dubawa a takardar sakamako, kuma akwai wuraren da wannan matsayi kan kai mutum jami'a kai tsaye. A jihar Texas ta Amurka, alal misali, dokar da aka kafa a 1997 ta ba ɗaliban da suka fito cikin kashi 10 bisa 100 na saman ajinsu damar shiga jami'o'in gwamnatin jihar. A birnin Guangzhou, hedikwatar lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, lamarin ya sha bamban, domin matsayin da ake dubawa shi ne na ɗalibi a tsakanin dukkan 'yan lardinsa, waɗanda a 'yan shekarun nan suka haura 700,000 a kowace shekara.

Tushen wannan tsari shi ne Gaokao, jarrabawar shiga manyan makarantu ta ƙasa, wadda aka dawo da ita a 1977 bayan an dakatar da ita a zamanin Juyin Al'adu, kuma ake farawa ranar 7 ga Yuni. Tun daga 2021 lardin Guangdong ke bin tsarin da ake kira 3+1+2: darussa uku na dole, wato Sinanci, lissafi da harshen waje, kowanne maki 150, sai zaɓi ɗaya tsakanin fizis da tarihi, sai biyu daga cikin kemistiri, bayoloji, labarin ƙasa da siyasa, jimillar maki 750 ke nan. A waɗannan darussa biyu na ƙarshe ba makin da ɗalibi ya ci a takarda ake rubuta masa ba, ana jera duk waɗanda suka zauna darasin daga sama zuwa ƙasa, a kasa su rukuni biyar, sannan a ba kowa maki tsakanin 30 da 100 gwargwadon inda ya faɗo, ta yadda matsayi kansa ya zama maki.

Idan sakamako ya fito a ƙarshen Yuni, hukumar jarrabawa ta lardin takan wallafa wani dogon jadawali da ke nuna adadin waɗanda suka sami kowane maki da adadin waɗanda ke samansu, 'yan fizis daban, 'yan tarihi daban. Da wannan jadawali iyaye da malamai ke zama suna lissafi, saboda maki 600 na bana ba lallai ne ya yi daidai da 600 na bara ba idan tambayoyi sun yi sauƙi ko tsauri, alhali matsayin da wata jami'a ke tsayawa a kai ba ya cika yin nisa da na shekarun baya. Kowace jami'a, har da Jami'ar Sun Yat-sen da aka kafa a Guangzhou a 1924, tana ware wa kowane lardin da take ɗaukar ɗalibai daga cikinsa adadin gurabe, kuma ana cike su ne daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa har guraben su ƙare.

Duk da haka, matsayi a cikin makaranta bai rasa tasiri ba, sai dai tasirinsa kan zo tun kafin babbar sakandare. A jarrabawar Zhongkao, wadda ake yi a ƙarshen ƙaramar sakandare, fitattun makarantun gwamnati na birnin irin su Zhixin da Guangya kan raba kimanin rabin gurabensu ga ƙananan makarantu, inda ɗalibi ke gogayya da 'yan makarantarsu kawai, domin kada yaran unguwanni marasa galihu su rasa rabo. Haka nan wasu jami'o'i, ciki har da Jami'ar Fasaha ta Kudancin Sin, suna ɗaukar wani kaso na ɗalibai ta tsarin 631, inda Gaokao ke da kashi 60, gwajin jami'ar kashi 30, sakamakon karatun sakandare kuma kashi 10.

Abin lura ga iyaye a ƙasar Hausa shi ne cewa lamba ta ɗaya ba ta da ma'ana sai an san su waye aka kara da su, domin ɗalibin da ya saba zuwa na ɗaya a ajin mutum 40 yana iya zama kifin rijiya ranar da aka haɗa shi da dubban ɗaruruwa. A Najeriya ma, makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO ne ke magana a gaban jami'a, ba matsayin da aka rubuta a katin ƙarshen zango ba. Saboda haka ya kamata iyaye, bayan murnar kyautar na ɗaya, su riƙa tambayar makarantar yaransu yadda ɗalibanta na shekarun baya suka yi a jarrabawar ƙasa, da kuma jami'o'in da suka samu shiga.