In an kira ki ganawar ɗaukar aiki

Ƴan uwa mata, duk sa'ad da wani furoje ya liƙa sanarwar neman animatiris ko malamar yaƙi da jahilci, a Tawa ne ko Tabalak ko Keita, sai mu ji wasunmu suna cewa: "Wannan na ƴan lakwal ne." In sun nemi BEPC, to gaskiya ne, mu tura ɗiyanmu. In ba su nema ba fa?

Takardu tukuna. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, katin ANPE, da kaziye na kotu, wanda galibi ba su karɓar wanda ya wuce wata 3. Wadda ke ƙauye kamar Barmu ko Afala kada ta bari sai ana gobe, kuɗin mota da na tambur ba sa jiran kowa. Ƙungiya tana iya ba ta rance daga asusu, ai don irin wannan munka tara.

Abin da ya fi kayar da mu shi ne tambayar farko: "Faɗa mana abin da kika iya." Nan take sai mace ta sunkuyar da kai, ta ce ita ba ta taɓa aiki ba. Haba! Tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata ne ke riƙe da kuɗin mata. Ke da kika yi shekaru kina ma'ajiya, kina ƙirga zubi kowane mako, kina bin bashi ba tare da kin ɓata da maƙwabciya ba, wa ya ce ba aiki ba ne? Ki faɗe shi da lissafi: mata nawa ne a ƙungiyar, jika nawa kunka raba a ƙarshen zagaye, rikici nawa kika sasanta. Iyayenmu mata na Keita da sunka ɗauki duwatsu a ka lokacin furojen da anka soma a 1984, yayin da maza sunka tahi bida, ba su da difloma, amma gonakin da sunka raya suna nan.

Kunya adonmu ce a gidan surukai. A gaban masu tambaya kuwa, ki ɗaga kai, ki ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. In tambayar ta zo da Faransanci ba ki gane ba, ki roƙa a maimaita. Wadda ke jin Tamajak ko Fillanci ta faɗa tun ba a tambaye ta ba, don a arewacin Adar wannan babban jari ne.

Za su iya tambaya ko maigida ya yarda ki kwana a ƙauye, kuma wa zai kula da yara. Ku gama wannan magana a gida kafin ranar.

A taron mako mai zuwa, bayan zubi, a zaunar da mata uku su zama masu tambaya, mai neman aikin ta yi sallama ta shigo. Za a sha dariya karon farko. A sake har sau uku.