Masu Ƙwanƙwasa Gada a Karkarar Amurka

Yau Amurka muka nufa, amma karkara za mu shiga, inda ƙananan gadoji ke ɗaukar motocin masara da na 'yan makaranta. Kula da irin waɗannan gadoji yana wuyan gunduma, wato kwatankwacin ƙaramar hukuma a wurinmu.

Ƙasar tana da gadoji sama da 600,000, kuma fiye da 40,000 daga ciki an tabbatar sun ji jiki. Jihar Iowa ce kan gaba a yawan irinsu, galibinsu kuwa mallakar gundumominta 99 ne.

Sai da aka yi asarar rayuka kafin duba gada ya zama doka. Ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma ana tashi daga aiki, gadar Silver Bridge ta rufta cikin kogin Ohio, mutum 46 suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar wata 'yar tsaga ce a jikin ƙarfe guda, zurfinta bai kai milimita 3 ba. A 1971 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin duba gadoji, a 1978 kuma aka faɗaɗa su har suka haɗa da na gundumomi. Duk gadar jama'a da tsawonta ya wuce ƙafa 20, a bisa al'ada sai an duba ta cikin kowane wata 24.

To, yaya ake dubawar? Kada ku zaci wasu manyan na'urori. Sau da yawa mutum ne sanye da dogon takalmin roba, riƙe da guduma da tocila da kyamara, ya gangara ƙarƙashin gada. Yakan ƙwanƙwasa kankare ya kasa kunne, kamar yadda uwargida ke ƙwanƙwasa tulu a kasuwa kafin ta biya. In ya ji amo tangaran, lafiya lau. In ya ji buf-buf, to rodin da ke ciki ya yi tsatsa, ya kumbura, ya raba kankaren. Daga nan sai ya ba daɓen gadar, da ƙarafan da ke ɗauke da shi, da ginshiƙanta maki daga 0 zuwa 9. Kowanne ya faɗo 4 ko ƙasa, gadar ta shiga sahun marasa lafiya.

Babban abokin gabar gada dai ruwa ne. Ta ƙasa yakan kwashe yashin gindin ginshiƙi ba tare da kowa ya gani ba. Haka ta faru a rafin Schoharie na jihar New York a watan Afrilun 1987, gada ta rufta, mutum 10 suka halaka, abin da ya sa aka ƙarfafa tura masu nutso su duba tushe. Ta sama kuma, gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙarar hunturu yakan bi ruwa ya ci ƙarfe.

Sai dai fa, masu sauraro, rahoto ba ya gyara gada. Gadar Fern Hollow ta birnin Pittsburgh ta shafe fiye da shekara 10 cikin sahun marasa lafiya. Masu dubawa sun yi ta rubuta cewa magudanan ruwanta sun toshe, ƙafafunta suna ɓulewa. Ranar 28 ga Janairu 2022 ta karye da bas da ƙananan motoci a kanta, Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Yashe magudana kuwa, ai ko lebura da shebur ya iya.

Injiniyan gunduma ya san duk wannan, aljihun ne bai kai ba. In gada ta raunana, sai ya kafa allon rage nauyin lodi. In ta ƙara lalacewa, ya toshe ta gaba ɗaya, manomi ya riƙa yin dogon zagaye da hatsinsa har ranar da kuɗin sabuwa suka samu.

A nan za mu dasa aya.