SAI AN DUBA ZUCIYA KAFIN A SA MATA PIL

A Jiratawa, kudu da birnin Maraɗi, inda manoma suke noman zogale da kayan lambu rani da damana, akwai wata cuta wadda tsofaffin mata suka sani tun kaka da kakanni. Mace za ta haihu lafiya, a yi suna, ta shiga wankan biƙi. Bayan 'yan makonni sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, tari ya hana ta kwanciya da dare. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sanyi ne ya shige ta. Alhali kuwa sau da yawa zuciyarta ce ta gaji, ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da wannan cuta ta fi yawa a duniya. A shekara ta 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana binciken da suka yi a Zariya bisa mata 224, inda suka danganta cutar da shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A Yamai kuma, cikin 1992, Farfesa Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka tarar da ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin matan da suka kamu.

Abin da yake nuna wa likita halin da zuciya take ciki shi ne ekografi, wato irin hoton nan da ake yi wa mai juna biyu. Babu yanka, babu zafi. A garin Lund na ƙasar Suwidin aka fara duba zuciya da shi a 1953. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. Idan hoto ya nuna kashi 35 cikin 100 ko ƙasa da haka, to, ta yi rauni ƙwarai da gaske.

A nan ne maganar pil take tasowa. Wata 'yar na'ura ce da ake sawa ƙarƙashin fatar ƙirji, tana aika wa zuciya lantarki ta siraran wayoyi. A 1958 aka fara dasa ta a Stockholm, domin masu zuciya mai jinkirin bugawa. A 1994 likita Serge Cazeau na Faransa ya gwada ta a kan wata matsala dabam: zuciyar da ɓangarorinta ba sa matsewa tare, kamar mata biyu a turmi ɗaya da luguden ya rikice musu. Sai aka ƙara waya zuwa gefen hagu domin a daidaita bugun. Gwajin da aka yi a Turai bisa majinyata 813, wanda aka bayyana a 2005, ya nuna mace-mace sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Amma kusan mutum ɗaya cikin uku da aka dasa wa ba ya samun sauƙi. Saboda haka likitoci suka koma ga ekografi ya yi musu ja-gora. A Ingila, cikin 2012, an gwada majinyata 220: inda aka bi hoto aka sa wayar a ɓangaren da ya fi makara wajen matsewa, nesa da tabo, kashi 70 cikin 100 suka amfana, inda ba a bi ba, kashi 55. Sai dai hoton yana da iyaka. A 2013 an dakatar da wani gwaji na majinyata 809 waɗanda hoto ya nuna rikicewar bugu amma awon lantarkin zuciyarsu bai nuna ba, kuma mace-mace sun fi yawa cikin waɗanda aka kunna wa na'urar. Ƙa'idar yau ita ce a haɗa hoto da awon lantarki, bayan majinyaci ya sha magani aƙalla wata uku.

Ga mai jego ta Jiratawa ko Tibiri wannan ƙa'ida tana da muhimmanci, domin zuciyar mata da yawa tana farfaɗowa da magani cikin wata shida zuwa shekara guda. Ekografin da ake maimaitawa shi zai nuna ko ta farfaɗo, shi zai nuna kuma ko sake ɗaukar ciki yana da haɗari ga rayuwarta. Pil kuwa tana da tsada, tana bukatar ƙwararren likita, ƙarfinta kuma yakan ƙare bayan wasu shekaru, sai an sake. Bai kamata magidanci ya sayar da gona ko bisashe don neman ta ba tun likitan zuciya bai duba ya yanke shawara ba.

Don haka ana kira ga mazaje, da ungozomomi, da malamai da masu gari, da zarar sun ga mai jego da kumburi ko haki, su kai ta ɗakin shan magani mafi kusa, daga nan a tura ta babban asibitin Maraɗi a duba zuciyarta. A rage mata gishiri da kanwa, ta riƙe maganinta ko da ta ji sauƙi, ta koma ranar da likita ya sa mata. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.