Ciwon Aljihun Hanji da Sunan Basir a Kano

Wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), ba zai rasa masu sayar da maganin basir ba. Sunan nan kuwa ya yi faɗi ƙwarai. Kusan kowane jini da ya fito tare da bayan gida basir ake kiransa, har da na wani ciwo wanda Hausa ba ta raɗa masa suna ba tukuna.

Asalinsa shi ne, bangon babban hanji yakan yi rauni a wuraren da jijiyoyin jini suke ratsa shi, sai fatar ciki ta kunno waje kamar 'yan aljihuna. An fi samunsa ga waɗanda suka manyanta, galibinsu kuma ba su jin kome. Amma aljihun yakan zub da jini ba tare da zafi ba, ko ya kumbura, ya kawo zazzaɓi da ciwon mara, yawanci ta hagu.

A 1971 Neil Painter da Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aikin fiɗa a Uganda, suka ce ciwon na Turawa ne, don sun rabu da dusar hatsi, masu cin tuwon dawa da wake kuwa sun tsira. Wani bincike na Amurka a 2012 ya raunana wannan magana, watau gero ba laya ba ne. Ga shi kuma burodi da taliya sun cika gari.

Likita yakan gane kumburin da hoton CT. Leƙa hanji da bututu mai kyamara sai bayan kamar mako shida, domin hanji mai kumburi yana da saurin hujewa, amma lalle a leƙa, gama sankara takan zo da kama irin wannan. Ƙaramin kumburi magani yakan ishe shi. In mugunya ta taru, a zuƙe ta. In hanji ya fashe, sai fiɗa: a yanke ruɓaɓɓen wurin, a fito da bakin hanji ta fatar ciki, kashi ya riƙa zuba a jaka, irin aikin da Henri Hartmann ya bayyana a 1921. Jakar nan ita majiyyaci ya fi gudu, saboda alwala da zaman jama'a, alhali sau da yawa akan mayar da hanjin a ɗinke bayan 'yan watanni.