Ɗigon ruwan ɗorawa da ke cikin cocilarki

Duk wanda ya ratsa bakin babban titin Madawa bayan sallar isha'i ya san a-ci-bal-bal da fitilar ƙwai sun kusa zama labari. Mai shayi, mai tsire, mai tuyar ƙosai, kowa da 'yar fitilarsa ta caji ko ta hasken rana, haka abin yake har Buza da Keita.

To, 'yar'uwa, kashe cocilarki ki leƙa idonta, za ki ga wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar ƙwaya wadda da wutar batir ta ratsa ta sai ta ba da haske shuɗi, ba tare da wani zare ya yi ja ba kamar a ƙwan lantarki na da. Kamfanin Nichia na ƙasar Japan ne ya fito da ita kasuwa a 1993, kuma a kanta Akasaki da Amano da Nakamura suka ci kyautar Nobel a 2014.

Shi kuwa ɗigon, gari ne da ake kira YAG, haɗin alminiyom da oksijin da wasu ma'adinai. Yana shanye wani kaso na shuɗin ya mayar da shi ruwan ɗorawa, in sun gauraya ido ya ga fari. An fara sayar da irinsa a 1996. Gari mai oksijin yana jure zafi da danshi, saɓanin na tutiya da farar wuta da Georges Destriau ya haska da lantarki a Faransa a 1936, wanda laima ke kashe shi.

Ga inda zancen ya taɓa aljihu. Wannan farin haske yana da ƙarancin ja. Shi ya sa tumatir da tattasai da nama kan yi fatau da dare, jar albasarmu ta dushe, mai saye ya taya da arha alhali kayan lafiya lau suke. Masu atamfa ma sun san rigimar da kan biyo baya in gari ya waye launi ya canza.

Saboda haka, in za ki sayi fitila, tafi da tumatir guda ki haska shi. Wadda haskenta ya ɗan yi ja-ja ta fi dacewa da mai kayan miya, domin an ƙara mata wani gari mai ba da ja. Ki kuma bar ta kunne 'yan mintoci ki taɓa kanta: in ta yi zafi sosai, ƙwayar tana shan wutar da ta fi ƙarfinta, ba za ta daɗe ba za ta dushe.