Yadda Ƙananan Maƙeran Harsashi Suka Kutsa Kasuwar Manya A Amurka

A shekarar 2018 wani ƙaramin kamfani mai suna Boss Shotshells ya fara ɗura harsasan bindigar farauta a Jihar Michigan ta ƙasar Amurka. Shekara guda kafin nan waɗansu tsofaffin sojoji sun kafa makamancinsa, Apex Ammunition, a garin Columbus na Jihar Mississippi. Duk wanda ya san kasuwar harsashi a wannan ƙasa zai ce sun ɗauko dala ba gammo, domin kuwa kasuwa ce wadda kamfanoni uku, watau Federal da Winchester da Remington, suka daɗe da kankanewa. Ko Federal, wanda shi ne ƙaramin cikinsu a shekaru, tun 1922 yake wannan sana'a.

Harsashin da ake magana a kansa ba irin na soja ba ne mai ƙwaya guda. Kwanso ne na roba mai gindin ƙarfe. A gindin akwai ɗan ƙyastu wanda kunamar bindiga ke sara ya ba da wuta, sa'an nan albarushi, sa'an nan toshiya, a can sama kuma ƙananan ƙwayoyi masu yawa waɗanda ke watsuwa idan an harba. Da shi ake harbin tsuntsu yana tashi. Shekara da shekaru da darma ake yin ƙwayoyin nan, saboda tana da nauyi, tana da taushi, ga kuma araha.

To, darmar nan ita ce ta buɗe wa ƙananan ƙofa. Yawancin ƙwayoyin da maharbi ya saki ba sa samun tsuntsu, sai su faɗa cikin fadama su nutse a taɓo. Agwagin ruwa da dinya su kan tsince su a zaton tsakuwa ce, ƙundunsu ya niƙe su, gubar ta shiga jini. Tun 1959 wani masani na Jihar Illinois, Frank Bellrose, ya ƙiyasta cewa kashi 2 zuwa 3 bisa 100 na tsuntsayen ruwan Amurka ta Arewa suna mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. Gaggafar da ta ci mushensu ita ma ba ta tsira ba. An yi ta ja-in-ja har gaban alƙalai, daga bisani a 1991 Gwamnatin Tarayya ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma a duk faɗin ƙasar.

Manyan kamfanoni suka koma ga baƙin ƙarfe, amma maharba ba su gamsu ba. Dalilin kuwa a fili yake. Idan aka auna curi mai faɗin santimita guda ta kowane gefe, na darma ya kan kai giram 11.3, na baƙin ƙarfe kuwa 7.8 kacal. Ƙwaya marar nauyi ta kan rasa ƙarfinta da wuri a iska, sai a yi ta raunana tsuntsu ba tare da an kā da shi ba. Bugu da ƙari, taurin baƙin ƙarfe ya kan ɓata bakin tsofaffin bindigogi, irin waɗanda mutum ya gada wurin ubansa ba ya kuwa son ya jingine.

A wannan giɓi Boss ya kafa rumfarsa. Ya ɗauki wani ƙarfe da a ke kira bismut, wanda idan an gauraya shi da 'yar kuza nauyinsa ya kan kai wajen giram 9.6, ya lulluɓe ƙwayoyin da jan ƙarfe. Ba shi ya fara harsashin bismut ba, an san shi tun shekarun 1990, sai dai tsada ta hana shi yaɗuwa. Dabarar kamfanin ita ce ya tsallake dillalai da masu kantuna, ya riƙa sayar wa maharbi kai tsaye ta intanet, a aika masa da kwali har gida. Ribar da 'yan tsakiya suka saba ci ita ce ta sauko da farashin.

Shi kuwa Apex talotalon daji ya nufa. Ya yi amfani da ƙwayoyin tungistin waɗanda a ke kira TSS, masu nauyin giram 18, nesa da darma. Da ma akwai maharba da ke ɗura irin wannan a ɗakunansu don kansu da abokansu; abin da Apex ya yi shi ne ya fito da sana'ar kasuwa. Tun da ƙarfen yana da nauyi, ƙwaya mitsitsiya ta kan yi aikin babba, sai kwanso guda ya ɗauki ɗaruruwa. Ta haka ne 'yar ƙaramar bindigar nan mai lamba .410, wadda dā a ke ba yara su koyi harbi, ta zama abin farautar talotalo ga manya. Harsashi guda ya kan kai dala 10 ko fiye, amma mai farautar talotalo ba ya harbi sai sau ɗaya ko biyu a shekara, don haka bai cika yin ƙorafi ba.

Ba a jima ba manya suka farga. A 2018 Federal ya fito da nasa harsashin TSS, daga baya Winchester ya fito da na bismut. Wannan kuwa al'adar kasuwa ce: ƙarami ya share hanya, babba ya biyo da mota.

Amma gasar manya ba ita ce babbar matsalar ƙaramin maƙeri ba. Lasisin Gwamnatin Tarayya yana samuwa, harajin kashi 11 bisa 100 da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe don kula da namun daji kuwa kowa na biya. Matsalar ita ce, in an duba da kyau, ƙaramin kamfani mai harhaɗawa ne kawai. Ba ya yin albarushi, ba ya yin ƙyastu, kwanson ma yawanci daga Turai a ke kawo shi, musamman daga kamfanin Cheddite na Faransa. Masu yin ƙyastu da yawa a Amurka kuwa su ne abokan gasarsa. Da annobar korona ta zo a 2020, jama'a suka yi rububin sayen bindiga da harsashi, kantuna suka zama wayam, sai kowane babban kamfani ya fara biyan bukatar injinansa tukuna.

Su kansu manyan sai ƙara dunƙulewa su ke yi. Remington ya karye a 2020, kamfanin Vista Outdoor mai Federal ya saye sashensa na harsashi a kan dala miliyan 81.4. A ƙarshen 2024 kuma kamfanin Czechoslovak Group na Jamhuriyar Cek, wanda da ma yake riƙe da Fiocchi na Italiya, ya saye Federal da Remington da CCI gaba ɗaya a kan fiye da dala biliyan 2.

Sauran ƙarfen kansa. Amurka ba ta tace bismut daga ma'adini ba tun 1997, ba ta kuma haƙo tungistin don kasuwa ba tun 2015. Ƙasar Sin ce ke fitar da kusan kashi 80 bisa 100 na kowannensu a duniya. Ranar 4 ga Fabrairu, 2025, a cikin rigimar kuɗin fito da ke tsakaninta da Amurka, Sin ta ɗora takunkumi a kan fitar da ƙarafa biyar, har da waɗannan biyu. Cikin 'yan makonni farashin bismut ya ninka sau da yawa. Babban kamfani mai harsasai iri-iri zai iya ajiye wannan layi ya ci gaba da sauran. Wanda ya gina sunansa duka a kan bismut ba shi da wannan sarari.

A cikin shekarar 2025 Boss ya juya ga ƙwayoyin jan ƙarfe zalla da na baƙin ƙarfe. Jan ƙarfe nauyinsa giram 8.9 ne, ƙasa da bismut, sama da baƙin ƙarfe, kuma hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yarda da shi don harbin tsuntsayen ruwa tun 2017. Ke nan kamfanin da aka kafa don raba maharba da baƙin ƙarfe ya wayi gari, bayan shekara 7, yana ɗura shi a cikin kwansonsa.